Babi na Takwas: Wa Ya Ba Ka Wannan Facin?

A kwanakin ƙarshe na shekarar 2005, lokacin da ma'aikatan manyan kamfanonin Turai da Amurka suka watse hutun Kirsimeti, aka gano wata ɓaraka a cikin Windows da ta hana masana tsaron kwamfuta barci. Ɓarakar tana cikin sashen da ke buɗe wani tsohon nau'in hoto mai suna WMF. Ba sai mutum ya sauke wata manhaja ba, ba sai ya danna amincewa da komai ba. Da zarar ya shiga shafin da aka dasa hoton, shi ke nan, ɗan kutse ya samu damar juya kwamfutar yadda ya ga dama. Kafin a ce me, shafuka da dama sun fara cin kasuwarsu da ita. Kamfanin Microsoft ya ce ya sani, yana kan gyara, amma a yi haƙuri sai ranar 10 ga Janairu, wato Talata ta biyu ga wata, ranar da ya saba fitar da faci tun daga 2003.

Akwai wanda bai ga dalilin jira ba. Ilfak Guilfanov, ɗan asalin Rasha mazaunin Beljiyam, shi ne ya ƙirƙiro IDA Pro, manhajar da masana ke warware cikin wasu manhajoji da ita su ga yadda aka ɗinke su. Ya zauna ya rubuta ɗan ƙaramin faci nasa na kansa wanda ke toshe hanyar da masu kutsen ke bi, ya sake shi kyauta, ya kuma baje rubutun da ya haɗa shi da shi don kowa ya karanta. Abin da ya biyo baya ba a saba gani ba: cibiyar SANS ta Amurka, wadda aikinta kullum shi ne gargaɗin jama'a kada su ɗora abin da ba su san asalinsa ba, ta bincika facin layi bayan layi, sannan ta fito ta ce a ɗora. Kamfanin F-Secure na ƙasar Finland ma ya bi sahu. Jama'a suka yi wa shafin Guilfanov cincirindo har ya kasa ɗaukar nauyinsu. Microsoft ya ja kunnen mutane game da facin da ba nasa ba, amma matsin ya yi yawa, sai ya fitar da nasa ranar 5 ga Janairu, 2006, kwana biyar kafin ranar da ya ɗiba.

Masu goyon bayan karɓar faci daga waje suna son kafa hujja da wannan labari, kuma suna da gaskiya a rabi. Facin Guilfanov ya kare mutane a makon da mai hakkin kare su ya bar su a fili. Sai dai a duba abin da ya sa aka yarda da shi. Mutum ne sananne da sunansa na yanka, mai mutuncin da zai zube idan ya ci amana. Facin ƙarami ne, ana iya karance shi a zama ɗaya. Wasu masana da ba su da alaƙa da shi sun karanta sun shaida. Kuma shi da kansa ya ce a cire nasa da zarar na kamfani ya fito. Idan aka zare ɗaya daga cikin waɗannan, labarin ya zama wani daban.

Dalilin wannan tsantseni shi ne matsayin faci a cikin na'ura. Manhajar wasa ko ta kallon bidiyo tana aiki ne a cikin iyakar da babbar manhajar ta shata mata. Faci kuwa babbar manhajar kanta yake taɓawa. Yana shiga da cikakken iko, ya cire fayil ya sa wani, ya sauya sashen da ke tantance kalmar sirri, ya gyara wanda ke magana da intanet. Manhajar kashe bairos ma a ƙarƙashinsa take. Duk wanda ka yarda ya ba ka faci, ka ba shi abin da ya fi kalmar sirrinka, domin yana iya zama ya jira ka rubuta ta da hannunka.

Shi ya sa kamfanoni ke buga wa kowane faci hatimi na lissafi, wanda ake kira sa hannun dijital. Kamfani yana da mabuɗin sirri da ba ya fita daga hannunsa, kwamfutarka kuma tana ɗauke da abokin mabuɗin wanda ke iya tantance hatimin amma ba ya iya ƙirƙirar sa. Idan aka sauya ko da harafi ɗaya a cikin fayil ɗin bayan an buga hatimi, lissafin ba zai daidaita ba, kwamfuta ta ƙi karɓa. Wanda ya zauna a gaban malamin hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Malaman ba su tsaya ga daɗin lafazi ba, sai sun tambayi isnadi: wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa, kuma an san su da gaskiya da kiyayewa? Ruwayar da aka samu majhuli a cikin sarƙarta, wato wanda ba a san halinsa ba, tana raunana komai kyan maganar. Haka faci yake. Yadda ya yi aiki lafiya a kwamfutar maƙwabcinka ba shaida ba ne, domin mugun faci ma lafiya yake aiki, ai da gangan aka gina shi kada ya ta da ƙura.

Na ƙarya tsantsa ba sa buƙatar dogon bayani. A Satumbar 2003 tsutsar Swen ta bazu a duniya cikin wasiƙun imel masu ɗauke da tambarin Microsoft, tana cewa ga sabon facin tsaro a maƙale, alhali kamfanin ba ya aika faci ta imel, bai taɓa yi ba. A Janairun 2018, da ake ta hayaniyar ɓarakar Meltdown da Spectre, wasu suka gina shafi mai kama da na hukumar tsaron bayanai ta Jamus suna raba facin bogi da ke ɗauke da muguwar manhajar Smoke Loader. A 2022 an ga shafin da ke kwaikwayon na sabunta kwamfuta zuwa Windows 11 yana raba RedLine, ɓarauniyar kalmomin sirri, an kuma ga Magniber, mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, tana yawo da sunan facin Windows 10. Dabarar ɗaya ce: a jira lokacin da mutane suka tsorata, a miƙa musu abin da suke nema. Duk shafin da ya buɗe maka taga yana ihu cewa kwamfutarka tana cikin haɗari, danna nan ka sabunta, ƙarya yake yi.

Kada kuma a ɗauka hanyar kamfani ba ta taɓa ɓaci ba. A 2012 aka bankaɗo Flame, manhajar leƙen asiri da aka samu a kwamfutoci a Iran da Sudan da Siriya da wasu ƙasashen yankin. Waɗanda suka gina ta sun yi amfani da raunin wani tsohon lissafi mai suna MD5 suka ƙirƙiri hatimin da Windows ta ɗauka na Microsoft ne, suna shiga kwamfutoci da rigar Windows Update. Ranar 27 ga Yuni, 2017, NotPetya ta fito ta hanyar sabuntawar M.E.Doc, manhajar lissafin haraji da kamfanonin Yukren ke amfani da ita, ta tsallaka iyaka ta durƙusar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk, gwamnatin Amurka kuma ta ƙiyasta asarar duniya a kan dala biliyan 10. Amma a lura da girman waɗanda suka yi waɗannan ayyuka. Karya sarƙar kamfani aiki ne na masu ƙarfin gwamnati. Gurɓata fayil ɗin da wani ya ajiye a wani shafi marar mai shi kuwa, yaro mai wayo ma zai iya.

To me ke kai mutane wajen baƙo? Mafi yawa ba ganganci ba ne, kamfanin ne ya sake su. Ranar 8 ga Afrilu, 2014, Microsoft ya daina fitar da faci ga Windows XP, bayan ta shekara goma sha biyu da 'yan watanni a kasuwa, alhali miliyoyin kwamfutoci a asibitoci da bankuna da ofisoshin gwamnati suna kanta. Ba a yi wata biyu ba wasu suka gano wata dabara. Akwai ƙanwar XP da ake sa wa injinan karɓar kuɗi na shaguna, Windows Embedded POSReady 2009, wadda wa'adinta bai ƙare ba sai Afrilun 2019. Idan aka ƙara 'yan layuka a rajistar Windows, sai kwamfutar ta gabatar da kanta a matsayin injin shago, Windows Update kuma ya ci gaba da turo mata faci. A nan fayilolin na Microsoft ne, hatiminsu na gaskiya ne, daga rumbun kamfanin suke fitowa. Matsalar ita ce ba don wannan kwamfutar aka yi su ba, ba a gwada su a kanta ba, kuma sassan da injin shago ba ya da su ba wanda ke kula da su. Kamfanin ya fito ya faɗi haka. Duk da haka dabarar ta riƙe mutane da yawa har shekara biyar. Da wa'adin Windows 7 ya cika ranar 14 ga Janairu, 2020, aka sake irin wannan wasa da wata 'yar manhaja mai suna BypassESU, wadda ke yaudarar kwamfuta ta karɓi facin da aka tanadar wa kamfanonin da suka biya kuɗi. Wannan kam ta ƙara matsala biyu: ta saɓa yarjejeniyar lasisi, kuma ita kanta manhajar yaudarar sai ka ba ta cikakken iko, ga shi ba ka san hannu nawa ta bi kafin ta iso gare ka ba.

Akwai darasin da WannaCry ta bari wanda ake yawan juya shi baibai. Ranar 12 ga Mayu, 2017, ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150. A Ingila ta sa asibitocin gwamnati soke ganin likita kusan 19,000. Mutane suka ɗora laifin a kan XP, har Microsoft ya karya ƙa'idarsa ya fitar mata da facin gaggawa. Amma da kamfanin Kaspersky ya ƙirga, sai ya ga kusan kashi 98 cikin 100 na kwamfutocin da ya gani sun kamu Windows 7 ce a kansu, wadda a lokacin tana cikin wa'adinta, facin ɓarakar kuma ya fito tun 14 ga Maris, wata biyu kafin harin. Kyauta ne, daga kamfani ne, ba a ɗora ba ne kawai. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ake shiga, facin gaskiya da aka ƙi ɗorawa ne ya kashe su.

Wannan ya kawo mu gida. Kwamfutar da ɗalibi ko mai shagon buga takardu ke saya a Beirut Road a Kano, ko a Computer Village a Ikeja, yawanci ta hannu ce, ta gama aikinta a wani ofishi a Turai ko Amurka. Mai shago ne ke ɗora mata Windows daga filash ɗinsa, kuma abu na farko da mai gyara ke yi wa kwastoma don kyautatawa shi ne ya kashe Windows Update, saboda tana shan data. Ba ƙarya ya yi ba. Facin wata guda yakan kai ɗaruruwan megabait, wani lokaci ya haura gigabait, ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Ga kuma wuta: a ɗauke ta kwamfuta tana tsakiyar sabuntawa, batirin tsohuwar laftof ya mutu, gobe ta ƙi tashi. Wanda ya taɓa ganin haka da takardar kwastoma a ciki ba zai ƙara son ganin da'irar nan mai juyawa ta sabuntawa ba.

Matsalar data tsohuwa ce, maganinta ma tsoho ne. Tun zamanin intanet ɗin layin tarho wasu masu sa kai suka haɗa AutoPatcher, wanda ke tattara facin Windows wuri ɗaya a ɗora ba tare da intanet ba, har lauyoyin Microsoft suka dakatar da shi a Agustan 2007 bisa dalilin cewa ba a yarda wani ya riƙa raba fayilolin kamfanin ba. WSUS Offline Update, wanda ya samo asali a Jamus, ya kauce wa wannan ta hanyar sauko da fayilolin kai tsaye daga rumbun Microsoft. A yau ma akwai shafin Microsoft Update Catalog, na kamfanin ne, kowa na iya shiga ya sauke facin wata sau ɗaya, ya zuba a filash, ya zagaya kwamfutoci ashirin na kafe ko na makaranta. A ganina wannan ba facin baƙo ba ne ko kaɗan, ko da mai gyara ne ya kawo shi a aljihu, matuƙar hatimin yana nan. Ana duba shi cikin daƙiƙa kaɗan: a danna fayil ɗin da maɓallin dama, a buɗe bayanansa, a shiga shafin sa hannun dijital, a ga sunan Microsoft da tabbacin cewa sa hannun yana da inganci. Ɗan aike ba ya ɓata saƙo idan ambulan a rufe yake.

Abin da nake tsoro a filash ɗin mai gyara shi ne ɗayan fayil ɗin, wato Windows da aka yi wa kwaskwarima. Ana tallata su da cewa marasa nauyi ne, an riga an buɗe musu lasisi, an haɗa duk faci a ciki, suna gudu a tsohuwar kwamfuta kamar sabuwa. Gudun gaskiya ne, domin an yanke abubuwa da yawa, a wasu har da Windows Update da manhajar kashe bairos ta Defender. Babu hatimin da zai gaya maka abin da aka cire, balle abin da aka ƙara. A Yunin 2023 kamfanin Dr.Web ya ba da rahoton wasu kwafin Windows 10 na sata da aka ɓoye wa wata manhaja a ciki: idan mutum ya kwafi adireshin asusun kirifto zai tura kuɗi, sai ta musanya shi da na ɓarayin. Manhajar buɗe lasisi ta KMSPico ma an sha kama kwafinta ɗauke da ɓarayin kalmomin sirri, kuma umarnin farko da ake ba mai ɗora ta shi ne ya kashe manhajar kashe bairos tukuna. Mai gyaran da ya ɗora maka ba mugu ba ne. Shi ma wani ne ya tura masa, wancan ma ya sauko da ita daga inda ba zai iya tunawa ba. A kan irin wannan kwamfuta ake yi wa yara rajistar jarabawa, ake shigar da lambar NIN da BVN, ake buɗe asusun banki. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Magajin Guilfanov na gaskiya a yau shi ne 0patch, na kamfanin ACROS Security da ke Maribor a ƙasar Sulobeniya, ƙarƙashin Mitja Kolsek. Salon aikinsu ya cancanci a tsaya a kansa. Ba sa taɓa fayilolin Windows da ke kan faifai. Wata 'yar manhajarsu ce ke zaune a kwamfuta, idan sashen da ke da ɓaraka ya tashi aiki sai ta saƙa masa 'yan umarni kaɗan a cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi, su toshe ramin. Ba sai an kashe kwamfuta an kunna ba, idan kuma facin ya kawo matsala ana janye shi nan take. Sun ɗauki riƙon Windows 7 bayan Microsoft ya sake ta, sun kuma yi alkawarin riƙe Windows 10 har aƙalla Oktoban 2030, a kan kusan yuro 25 a shekara ga kowace kwamfuta. Wani lokaci sukan riga kamfanin ma: a ɓarakar Follina ta 2022, wadda ake shigowa da ita ta takardar Word, facinsu ya fito kusan mako biyu kafin na Microsoft da ya zo ranar 14 ga Yuni.

Ina ganin mutuncinsu, domin suna da suna da adireshi da abin asara. Amma wanda zai biya su ya san abin da ya saya. Ba su da asalin rubutun Windows, daga waje suke leƙa ta. Ba kowace ɓaraka suke toshewa ba, sai wadda suka ga ana iya amfani da ita kuma suka samu hanyar gwada ta. Sannan ka ƙara mutum na biyu mai mabuɗin gidanka: idan aka shiga rumbunsu, an shigo wajenka. Ba ma sai da mugunta ba. Ranar 19 ga Yuli, 2024, sabuntawa guda mai kuskure daga CrowdStrike, babban kamfanin tsaro da ake biya kuɗi masu yawa, ta kifar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda da biro. Kuskuren mai kyakkyawar niyya da ya fi ba ni tsoro shi ne na Debian, wani nau'in Linux. A 2006 wani mai kula da kunshin OpenSSL ya cire layuka biyu da wata manhajar bincike ke ƙorafi a kansu, bai san su ne ke zuba bazuwar da ake ƙera mabuɗan sirri da ita ba. Har zuwa Mayun 2008, da Luciano Bello ya gano, duk mabuɗin da aka ƙera a Debian da Ubuntu yana fitowa ne daga cikin 'yan dubu talatin da biyu da ɗoriya kacal, adadin da kwamfuta ke gwadawa kafin shayi ya huce.

Duk da wannan tabo, a duniyar Linux ne riƙon maraya ya fi tsari, saboda rubutun manhajar a buɗe yake, wanda ya ɗauki riƙo yana ganin abin da yake gyarawa. Da Red Hat ya sanar a Disambar 2020 cewa CentOS 8 za ta mutu a ƙarshen 2021 maimakon 2029, cikin watanni Rocky Linux da AlmaLinux suka tashi suka karɓi jama'arta. Debian tana da tawagar da ke tsawaita wa tsofaffin fitowarta rai, Ubuntu kuma tana ba da shekara goma ga wanda ya yi rajista. Inda sababbin shiga ke faɗawa rami shi ne ƙara ma'ajiyar wani mutum a jerin wuraren da kwamfuta ke ɗebo sabuntawa, don kawai a samu wata manhaja guda. Daga ranar, mai ma'ajiyar yana iya turo komai da sunan sabuntawa, kwamfuta ta karɓa da cikakken iko. Buɗaɗɗen rubutu kuma ba laya ba ne. A Maris 2024 Andres Freund ya lura shiga wata kwamfutar gwaji yana jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya tono ƙofar baya da wani mai kiran kansa Jia Tan ya dasa a cikin manhajar xz, bayan ya shafe shekara biyu yana taimako har aka ba shi amanar aikin.

A waya lamarin ya fi muni, kuma ita ce kwamfutar yawancinmu. Bayan ɓarakar Stagefright ta 2015, wadda aka ƙiyasta ta shafi wayoyi miliyan 950, Google ya fara fitar da facin Android kowane wata. Amma facin sai ya bi ta hannun mai ƙera guntun lantarkin da ke cikin wayar, sannan mai ƙera wayar, kafin ya iso. Pixel 8 da Galaxy S24 an yi musu alkawarin shekara bakwai. Wayoyi masu araha da suka cika kasuwar waya ta Farm Centre ba sa samun ko kusa da haka. A 2018 Karsten Nohl da Jakob Lell suka bincika wayoyi kusan 1,200, suka tarar wasu kamfanoni suna nuna kwanan watan faci alhali akwai facin da suka tsallake. A 2020 kuma aka ba da rahoton Triada a cikin wayoyin Tecno W2 kusan 53,000 a ƙasashe irin su Habasha da Ghana da Kamaru, tun daga kwali, kamfanin Transsion ya ce daga wani mai kawo masa kaya matsalar ta fito. Wato ko sabuwar waya, sarƙarta tana da majhulai.

Masu ƙwazo sukan koma LineageOS, wadda ta gaji CyanogenMod a ƙarshen 2016, kuma aikin masu sa kai ne na a yaba. Tana iya kawo wa wayar da aka manta da ita sabon facin Android. Abin da ba ta iyawa shi ne gyara rufaffun sassan da Qualcomm ko MediaTek suka rubuta, masu sarrafa layin sadarwa da Wi-Fi da kyamara, shi ya sa take nuna kwanan wata biyu a shafin bayanan waya, ɗaya na Android, ɗaya na mai ƙera kayan ciki, na biyun kuma yakan tsaya cak shekaru a baya. Kafin a ɗora ta sai an buɗe makullin tashin wayar, wanda shi ne ke tabbatar ba a taɓa babbar manhajar ba, saboda haka wasu manhajojin banki ke ƙin aiki. Wannan duk a kan LineageOS ta asali ce mai hatiminta. Fayil ɗin da ake yi wa waya fulashin da shi a rumfar kasuwa, wanda aka sauko daga shafin da talla ta yi wa katutu, ba ya cikin wannan lissafi sam.

Yanzu Windows 10 ce a kan layi. Wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025. Microsoft ya buɗe wa ɗaiɗaikun mutane ƙarin shekara guda, zuwa 13 ga Oktoba, 2026, a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa kwamfutarsa da asusun Microsoft ya yarda a adana saitunansa a can. Kamfanoni suna farawa daga dala 61 ga kowace kwamfuta, kuɗin yana ninkawa duk shekara har shekara uku. Windows 11 kuwa tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da injin Intel na ƙarni na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta kwamfutoci kusan miliyan 240 ne wannan sharaɗi zai mai da bola. Ba bola za su tafi duka ba. Da yawansu kwantena za su shiga, su sauka a Apapa, a goge su, a jera su a shagunanmu da farashi mai daɗi. Ni a nan nake ganin laifin kamfanonin: injin da ke aiki sumul an yanke masa hukunci a ofishin da ba a taɓa tunanin mai kafe na Gusau ko Maraɗi ba, sannan a dawo ana yi masa wa'azi kada ya karɓi faci daga baƙo.

Ga wanda ke da irin wannan kwamfuta, ƙarin wa'adin kamfani shi ne na farko, tun da akwai hanyar samunsa kyauta. Bayan ya ƙare, idan aikin bai wuce shiga intanet da buga takarda ba, Linux Mint ko Ubuntu za su riƙe ta shekaru da faci mai isnadi, kuma sun fi Windows sauƙi a kan tsohon inji. Idan akwai wata manhaja da ba ta aiki sai a Windows, kamar ta injin awo a ɗakin gwaje-gwaje ko ta na'urar buga bana, a cire kwamfutar daga intanet gaba ɗaya, ko a biya 0patch da sanin iyakarsu. Manhajar Rufus tana iya tsallake sharuɗɗan Windows 11 ta ɗora ta a tsohon inji daga fayil ɗin asali na Microsoft, wannan ya fi Windows mai kwaskwarima nesa ba kusa ba, sai dai kamfanin ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da turo wa irin waɗannan faci ba.

Wanda kuma bai saya ba tukuna, ya sa mai shago ya kunna masa ita, ya duba lambar injin da idonsa, kada ya tsaya ga takardar Core i5 da aka manna a jiki. HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 da ThinkPad T460, waɗanda suka yi yawa a kasuwa, duk 'yan ƙarni na shida ne. Idan ya ga i5-6300U ko i7-7500U, lambar farko bayan ɗan layin ita ce ƙarnin, 6 da 7 ba su kai ba. Daga 8 ake farawa, kamar i5-8250U. Idan mai shago ya nuna masa Windows 11 tana gudu a kan ta ƙarni na shida, ya tambaye shi daga wane fayil ya ɗora ta, sannan ya rage farashin.